Yadda Ake Zaɓar Mazubin Abincin Tsuntsaye da Kurege Ba Zai Wawashe Ba

Masu karatu da dama da ke zaune a Amurka da Kanada da Ingila sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Sun rataye mazubin abincin tsuntsaye a bayan gida, amma kafin kwana biyu kurege ya cinye hatsin, ya huda robar, wani lokaci ma ya yar da mazubin ƙasa, saboda haka suna son sanin wane iri ya kamata su saya. Amsar da zan bayar ita ce sayen mazubi ba shi ne farkon aikin ba. Wurin da za a kafa shi da shamakin da za a sa wa sandarsa su ne suka fi muhimmanci, kuma wanda ya tsallake waɗannan biyun zai kashe kuɗi a banza ko da ya sayi mazubi mafi tsada a kanti. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. A gane irin dabbar da ke yin ɓarnar

Wanda ya fi addabar gidaje a gabashin Amurka da kudancin Kanada da kusan duk Ingila shi ne kuregen bishiya mai launin toka. Ba ɗaya yake da kuregen ƙasar Hausa mai haƙa rami yana tonon gyaɗa a gona ba, domin wannan a bisa yake rayuwa, yana iya juya ƙafafunsa na baya ya sauko daga bishiya kai a ƙasa, ko ya maƙale da su ya rataya yana cin abinci da hannuwan gaba. Nauyin babbansa yakan kama daga giram 400 zuwa 600, kuma wannan adadin zai yi amfani a mataki na huɗu. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, shi ya sa yake gaigayar roba da katako ba gajiya.

A zauna a taga da sassafe na kwana biyu ko uku a ga wanda yake zuwa da kuma ta inda yake biyowa. Idan jan kurege ne na arewacin Amurka, wanda nauyinsa bai wuce rabin na mai launin toka ba, ko kuwa ɗan ƙaramin nan mai zane a baya da ake kira cifmonk, to zaɓin mazubi zai canza. Idan kuma da dare ake zubar da hatsin, ana wayar gari a tarar da mazubin a ƙasa, ba kurege ba ne, domin shi da rana yake yawo. A Amurka da Kanada galibi rakun ne, wata dabba mai yawon dare da ta fi kurege girma, kuma shi yana buƙatar shamaki mafi girma.

2. A auna filin kafin a sayi komai

Kayan aikin wannan mataki tef ɗin awo ne da ɗan turke ko dutse na yin alama. Masu kiwon tsuntsayen lambu a Amurka suna da ƙa'idar da suke kira biyar, bakwai, tara: mazubi ya yi nisan ƙafa 5 daga ƙasa, ƙafa 7 daga duk abin da kurege zai iya tsayawa a kai ya yi tsalle ta gefe, sannan ƙafa 9 daga duk wani reshe ko rufi da ke samansa. A ma'aunin mita, wannan ya kama kusan mita 1.5 da 2.1 da 2.7. A ganina ƙafa 7 ta yi kaɗan, domin ƙosasshen kurege da ya taso daga wuri mai tudu yana iya zarce ta, saboda haka duk wanda filinsa ya ba shi dama ya bar ƙafa 10, wato mita 3, ta kowane ɓangare.

Abubuwan da ake auna nisa daga gare su ba bishiya kaɗai ba ne. Akwai shingen katako, da dogarin baranda, da rufin ɗakin ajiya, da kwandon shara, da teburin lambu, da injin sanyaya ɗaki da ke waje, da tarin itacen wuta, har da motar da aka saba ajiyewa kusa. A tsaya a wurin da ake son kafa sandar, a ja tef zuwa kowane ɗaya daga cikinsu, sannan a ɗaga kai a duba sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi awon da hunturu lokacin da bishiyoyi suka kaɗe, a manta cewa idan bazara ta zo rassan za su miƙe su yi nauyi da ganye su sunkuyo. Reshen da ya shigo cikin iyakar, in na gidan ne, a sare shi tun yanzu, in kuwa na maƙwabci ne sai an nemi izininsa.

Gargaɗi game da taga: tsuntsaye da yawa suna mutuwa saboda karo da gilashi, kuma shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce mazubi ya kasance ko dai ƙasa da ƙafa 3 daga taga, ko kuma ya wuce ƙafa 30. Tsakanin waɗannan biyun ne tsuntsun da ya firgita yake samun gudun da zai bugi gilashi da ƙarfi. Idan wurin da ya dace da awon kurege ya faɗo a tsakani, a manna wa tagar alamun da ake sayarwa don wannan aiki, ta waje kuma kusa da juna.

Mai zaman haya, ko wanda gidansa ke ƙarƙashin ƙungiyar masu gidajen unguwa, ya duba takardar yarjejeniyarsa kafin ya haƙa rami, domin wasu wuraren sun hana ciyar da tsuntsaye baki ɗaya saboda ɓeraye.

Sakamakon awon nan shi ne zai raba hanya. Wanda ya samu fili buɗaɗɗe zai dogara ga sanda da shamaki, kuma kusan kowane mazubi zai yi masa aiki. Wanda bayan gidansa ƙarami ne, ko bishiyoyi sun lulluɓe shi, ya sani cewa kurege zai isa wurin ko ta yaya, don haka kuɗinsa ya tafi kan mazubin da ke kare kansa.

3. Sanda da shamaki

Sandar ƙarfe mai santsi, mai kaurin kusan inci ɗaya, ita ce ta fi dacewa. A nemi wadda za ta tashi ƙafa 6 zuwa 7 bayan an binne gindinta, kuma a fi son mai gindin da ake murɗawa cikin ƙasa, ko mai ƙafafu da yawa, domin siririyar sandar nan mai lanƙwasasshen kai da ake takawa da ƙafa a kafa tana karkacewa da zarar ƙasa ta jiƙe. Kada a ɗauka santsin ƙarfe zai hana kurege hawa, yana hawa ba tare da wata wahala ba. Gungumen katako kuwa tsani ne a wurinsa, sai dai in an sa masa shamakin da aka yi daidai da kaurinsa.

Shamaki, wanda masu kanti ke kira bafil, iri biyu ne. Akwai mai siffar bututu, wanda ake zura sandar ta cikinsa, samansa a rufe ƙasansa a buɗe, ta yadda kurege in ya hawo sai ya tsinci kansa a cikin duhun bututu babu hanyar wucewa. Na kurege yakan kai faɗin inci 6 da tsawon inci 15 ko fiye, na rakun kuwa faɗin inci 8 da tsawon kusan ƙafa 2. Akwai kuma mai siffar malfa, wanda ya kamata faɗinsa ya kai inci 17 ko 18, domin wanda bai kai haka ba kurege yana miƙa hannu ya kama bakinsa ya haye. Ga sanda na fi amincewa da mai siffar bututu, na ƙarfe. Mai siffar malfa ya fi amfani a saman mazubin da aka rataye a reshe ko a waya, inda yake tare wanda ke saukowa daga bisa, kuma yana kare hatsin daga ruwan sama.

Ga yadda ake ɗaura shi. Da farko a kafa sandar a tabbatar ta miƙe sak. Sai a auna daga ƙasa a ɗaure zoben da ke riƙe shamakin ta yadda samansa zai kasance ƙafa 4 da rabi zuwa 5 daga ƙasa. Sannan a ɗora shamakin a kan zoben ba tare da an matse shi ba, domin girgizar da yake yi idan an taɓa shi tana cikin abin da ke kayar da kurege. Daga ƙarshe a rataye mazubin, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin: gindin mazubin bai kamata ya sauko ƙasa da saman shamakin ba. Idan doguwar sarƙa ta sauko da shi gefen shamakin, kurege ba ya buƙatar hawa sandar sam, daga ƙasa zai daka tsalle ya kama shi.

A wuraren da dusar ƙanƙara ke taruwa, kamar Minesota ko Ontariyo, tsayin yana raguwa da hunturu, domin ƙafa 2 na daskararriyar ƙanƙara tana mayar da ƙafa 5 ta koma 3. A riƙa kwashe ta daga gindin sandar.

Kada a shafa wa sandar giris, ko man girki, ko Vaseline. Man yana manne wa gashin tsuntsu ya hana shi riƙe ɗumi da tsare ruwa, wanda hakan kan kashe shi da sanyi, kuma bayan 'yan kwanaki ƙura ta rufe man kurege ya ci gaba da hawansa.

Ta fuskar kuɗi, shamakin ƙarfe yakan kama daga dala 20 zuwa 50, sanda mai ƙwari kuma daga dala 30 zuwa sama da 100 idan mai rassa da yawa ce. Farashi yana bambanta tsakanin kantuna.

4. Zaɓen mazubin kansa

Iri uku ne suke aiki da gaske, kuma kowanne yana da abin da yake hanawa da abin da ba ya iyawa.

Na farko shi ne mai rufewa da nauyi. A cikinsa akwai sifirin da ke riƙe da wata riga ta ƙarfe ko matakalar da tsuntsu ke sauka a kai, idan abu mai nauyi ya hau sai rigar ta sauko ta toshe ƙofofin hatsin. Dabarar tana aiki ne saboda tazarar nauyi: ɗan ƙaramin tsuntsun da ake kira cikadi kusan giram 12 ne, jan tsuntsun da ake kira kadinal kusan giram 45, kurciya ɗan sama da giram 100, kurege kuwa ya ninka kurciyar sau huɗu ko biyar. Sanannen misali shi ne Squirrel Buster na kamfanin Brome da ke Kanada. A nemi samfurin da ake iya daidaita sifirinsa, musamman idan jan kurege ne ke zuwa, ko kuma ana son a hana manyan tsuntsaye masu zuwa garke guda su share hatsi. Ƙananan irin wannan mazubi sukan fara daga kusan dala 40, manyan kuma su wuce 100.

Akwai sharaɗi ɗaya da in an karya shi mazubin ya zama banza. Dole ne kurege ya ɗora dukkan nauyinsa a kai kafin ƙofofin su rufe, saboda haka idan an rataye shi daf da sanda ko kututturen bishiya, sai ya maƙale da ƙafafun baya a can, ya miƙo hannu ya ci abinsa ƙofa a buɗe. Kamfanin Brome da kansa yana cewa a bar tazarar inci 18, wato kusan santimita 45, ta kowane gefe. A auna tsawon hannun da za a rataye shi a kai kafin a saya, domin yawancin ƙananan ƙugiyoyin baranda ba su kai haka ba.

Na biyu shi ne mai keji, wato bututun hatsi da aka kewaye da ragar ƙarfe mai ƙofofin kusan inci ɗaya da rabi. Ba shi da sifirin da zai lalace, kuma ba ruwansa da kusancin bishiya, shi ya sa ya dace da ƙaramin fili. A Ingila ya samu karɓuwa ƙwarai domin yana tare tattabarun daji tare da kurege. Illarsa ita ce yana hana tsuntsaye matsakaita shiga, don haka wanda burinsa ya ga kadinal kada ya saye shi. A duba tazarar da ke tsakanin ragar da bututun: idan ba ta kai inci 3 ko 4 ba, hannun kurege zai isa. Cifmonk yana ratsa ragar, ɗan kurege ma yakan kutsa ya kasa fita, saboda haka a riƙa leƙa shi kowace rana a lokacin da 'ya'yan suke fitowa daga sheƙa.

Na uku shi ne mai inji, irin Yankee Flipper na Droll Yankees, wanda zoben da ke gindinsa yake juyawa da batir idan kurege ya hau har ya wurgar da shi. Yana aiki, amma ya fi sauran tsada, batirin yana buƙatar caji, kuma a ganina abin kallo ne fiye da abin buƙata. Wanda ya samu fili buɗaɗɗe ya sa shamaki ba shi da dalilin sayensa.

Ko wane iri aka zaɓa, a riƙe shi a hannu a duba abu huɗu: bakin ƙofofin hatsi na ƙarfe ne ko roba, murfin yana kullewa ko kurege zai iya ɗaga shi, abin ratayewar waya ce ko igiya, kuma ana iya kwance shi a wanke ba tare da kayan aiki ba. Rubutun da ke jikin kwali cewa kurege ba ya iya masa komai ba hujja ba ce. Mazubin da murfinsa na roba ne, kurege zai huda shi ta sama ko da ƙofofinsa suna rufewa da nauyi. A tambayi mai kanti ko ana samun kayan gyaransa daban, kuma ko garantin ya haɗa da ɓarnar haƙori.

5. Abin da ake zubawa a ciki

Baƙin irin sanfulawa shi ne abincin da tsuntsaye mafi yawa suke so, kuma shi kurege ma ya fi so, tare da gyaɗa da masara. Farin irin safulawa, wanda tsiro ne daban duk da kamannin suna, yana da ɗan ɗaci, kadinal da kurciya da cikadi suna cinsa, kurege kuwa galibi ba ya damuwa da shi sai in yunwa ta matsa. Haka ma Nyjer, siririn baƙin iri da asalinsa daga Habasha ne, wanda ake zuba wa ƙananan tsuntsaye dangin finci a mazubi mai ƙananan ƙofofi. Idan za a canza abinci, a gauraya sabon da tsohon na mako ɗaya ko biyu har tsuntsayen su saba.

Ana kuma sayar da hatsi da dunƙulen kitse da aka haɗa da barkono. Tsuntsu ba ya jin zafin yaji kamar yadda dabbobi masu shayarwa suke ji, saboda haka shi yana ci, kurege yana gudu, ko da yake akwai kuregen da yake jurewa. A sayi wanda aka riga aka haɗa, kada a barbaɗa garin barkono da hannu, domin iska tana kwasarsa zuwa idon mutum da na dabbobin gida. A sa safar hannu lokacin zubawa.

A guji gaurayen hatsi mai arha da aka cika da jar dawa da alkama. Yawancin tsuntsayen lambu suna watsar da su ƙasa suna neman sanfulawa, abin da ya zube kuma shi ke kiran kurege da ɓera zuwa gindin sandar. Buhun da ya rage a ajiye shi a cikin garwar ƙarfe mai murfi, domin bokitin roba ba ya kwana biyu a gareji.

6. Tsabta da kiyaye doka

A wanke mazubi kusan duk mako biyu: a zubar da ragowar hatsi, a goge da burushi da sabulu, a jiƙa na minti 10 a ruwan da aka haɗa kashi 1 na bilic, wato sinadarin farar da tufafi, da kashi 9 na ruwa, a ɗauraye sosai, kuma kada a mayar da hatsi sai ya bushe ƙarau. A mai rufewa da nauyi, ɓawon iri da jiƙaƙƙen hatsi suna maƙale rigar ƙarfen ta kasa sauka, don haka a riƙa danna ta da yatsa a ga tana motsi. Idan an ga tsuntsu ya kumbura gashi yana zaune ba ya gudun mutum, a sauke mazubin na mako biyu, domin cututtuka suna yaɗuwa inda suke cunkoso. Saboda irin wannan cuta ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a Birtaniya ta dakatar da sayar da mazubai masu shimfiɗaɗɗen tebur a farkon 2025.

A yankunan da beyar, wato babbar dabbar daji mai ƙarfin gaske, ke yawo babu mazubin da zai tsaya masa. Hukumar namun daji ta jihar New Hampshire, alal misali, tana shawartar mutane su sauke mazubai daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Disamba. Guba kuwa ba ta da wuri a wannan aiki, tana kashe kyanwa da kare da mujiya. Tarko ma yana da doka: a Ingila laifi ne a saki kurege mai launin toka bayan an kama shi, kuma jihohin Amurka da yawa sun taƙaita ɗaukar dabbar daji daga wani wuri zuwa wani. Ko da an kwashe na yau, na maƙwabta za su cike gurbin.

7. Idan har yanzu yana isa

A ba sabon tsarin mako biyu, domin kurege zai gwada shi ta kowace fuska, tsuntsaye ma sukan ɗauki kwanaki kafin su amince da sabon abu. Idan an ga hatsi yana raguwa fiye da ƙima, kada a garzaya sayen wani mazubi, a koma taga a ga hanyar da ya bi, ko a jingina waya ta ɗauki bidiyo da safe.

In daga gefe ya taso, sandar ce za a matsar ko a ɗauke abin da ya taka. In daga ƙasa ya kama mazubin, a gajarta sarƙar ko a ƙara tsawon sandar. In ya haye shamakin, ko dai zoben ya zame ƙasa, ko an matse shamakin ya daina girgiza, ko kuma faɗinsa bai isa ba. In kuwa yana zaune a kan mai rufewa da nauyi yana ci hankali kwance, a sassauta sifirin yadda ƙaramin nauyi zai rufe shi, sannan a sake auna tazarar inci 18 ɗin tsakaninsa da sandar.